Yadda Ake Cire Tsohon Gaskit da Ya Manne a Jikin Injin Mota Ba Tare da An Ɓata Ƙarfe Ba

A yawancin garejojin Kaduna, daga Kurmin Mashi har zuwa Kakuri, aikin kankare tsohon gaskit, wato fallen da ake matsewa tsakanin sassa biyu na inji don ya hana ɗigo, ƙaramin yaro ake bar wa. Oga zai kwance notuna ya ɗaga kan silinda, wato sashen inji na sama da ke rufe ramukan fistan, ya miƙa wa yaron sukudireba da samfefa ya ce ya goge, shi kuwa ya hau babur ya tafi Oriakpata ko Panteka sayo sabon gaskit. A ganina wannan rabon aiki a juye yake, domin sabon gaskit, komai tsadarsa, ba ya iya toshe ramin da aka yi wa ƙarfe da bakin sukudireba, kuma ba ya zama daidai a kan ragowar tsohon da aka bari. Da yawa daga cikin motocin da ake dawo da su bayan 'yan makonni suna haɗa ruwa da baƙin mai, ko suna ɗigar da mai a ƙasa, a wurin kankara aka cuce su, sai laifin ya faɗa kan mai sayar da kaya. Abin da ake nema a wannan aiki shi ne a raba gaskit da ƙarfe ba tare da an ɗebi komai daga jikin ƙarfen ba, kuma ba tare da ɓurɓushi ya faɗa cikin inji ba. Duk matakan da ke tafe a kan waɗannan abubuwa biyu aka gina su.

Fara da sanin irin ƙarfen da irin gaskit ɗin

Kafin ka ɗauki kowane makami, sa mayen ƙarfe a jikin abin da za ka kankare. Idan ya kama, baƙin ƙarfe ne na zubi, wanda yake da tauri kuma yake jure wa makankari na ƙarfe idan an bi shi da hankali. Idan bai kama ba, alminiyum ne, kuma alminiyum yana da laushin da reza ma takan yanke shi idan ta karkace. Injuna da yawa suna haɗa duka biyun. Camry ta 1997 zuwa 2001 mai silinda huɗu, alal misali, bulok ɗinta, wato gangar jikin injin, baƙin ƙarfe ne, kan silindarta kuwa alminiyum, amma wadda ta biyo bayanta mai inji 2AZ-FE, daga sama har ƙasa alminiyum ce. Saboda haka a inji ɗaya ma hannun da za ka sa wa fuskar ƙasa yana iya bambanta da wanda za ka sa wa ta sama. Akwai kuma murfin saman inji da manifol, wato jerin bututun shigar iska, waɗanda a sababbin motoci da roba mai tauri ake yin su, kuma waɗannan ba sa son ƙarfe, ba sa son zafi, ba sa son sinadari mai ƙarfi.

Gaskit ma iri-iri ne, kuma kowanne da yadda yake mannewa. Na takarda, wanda ake samu a famfon ruwa da gidan tamostat da murfin gaban inji, yakan gasu ya zama kamar wani ɓangare na ƙarfen, musamman idan wanda ya ɗaura shi ya shafa masa gam ta fuska biyu. Na roba, wanda ke zama cikin kwarmin murfin sama, yakan bushe ya yi tauri ya riƙa karyewa gutsure-gutsure. Gaskit ɗin kan silinda na tsofaffin motoci, mai laushi a waje da zoben ƙarfe kewaye da kowace silinda, yakan rabu gida biyu, rabi a sama rabi a ƙasa. Na sababbin motoci falle-fallen ƙarfe ne da aka jera, yana fita salin alin, sai dai ya bar siririn baƙin shafe a fuska. Sannan akwai wuraren da babu gaskit sam, gam ɗin silikon kawai masana'anta ta zuba, kamar tukunyar baƙin mai ta ƙasan injunan Toyota da Honda da yawa.

Dalilin mannewar ba ɓoyayye ba ne. Inji yana aiki a zafin da ya kai kusan digiri 90 a ruwansa, ya huce da dare, ya sake ɗaukar zafi da safe, shekara da shekaru, ga notuna sun matse gaskit ɗin da ƙarfi. Alminiyum yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe, don haka fuskokin biyu suna ta murza abin da ke tsakaninsu. Idan kuma ruwan rijiya ko na burtsatse ake zuba wa lagireto maimakon ruwan sanyaya inji mai maganin tsatsa, kamar yadda aka saba a nan, tsatsa da farin gishiri za su taru a bakin hanyoyin ruwa su ƙara riƙe gaskit ɗin.

Kayan aiki

Makankari na roba mai tauri shi ne na farko, kuma ya kamata a tanadi fiye da ɗaya domin bakinsa yana dakushewa da wuri. Wanda bai samu na kanti ba yana iya yanko guntun roba mai kauri ko katako mai tauri ya fiƙe bakinsa, ko ya sa maƙeran Panteka su buge masa guntun bututun jan ƙarfe ya zama falle, tunda jan ƙarfe bai kai baƙin ƙarfe tauri ba. Don fuskar baƙin ƙarfe ana buƙatar makankari na ƙarfe mai faɗin baki, miƙaƙƙe, wanda aka ɗan kashe kaifin kusurwoyinsa biyu, domin kusurwa ce take yin rami. A haɗa da sababbin reza masu baki ɗaya da mariƙinsu, gudumar roba, buroshin roba da na jan ƙarfe, tsummoki masu tsabta waɗanda ba sa zubar da zare, giris, kalanzir, feshin wanke birki, da feshin narkar da gaskit irin na Permatex ko CRC idan ya samu. Tabarau da safar hannu da takunkumi suna cikin kayan aikin, kuma za a ga dalilinsu nan gaba.

Raba sassan

A bar inji ya huce sarai, zai fi kyau ya kwana, domin kwance kan silinda na alminiyum da zafinsa yana sa shi ya bauɗe. A cire kan batir, a juye ruwa da baƙin mai, a wanke datti da yashin da ke kewaye da wurin tun kafin a buɗe, don kada su zube ciki. A sassauta notunan kan silinda daga gefe-gefe zuwa tsakiya, wato akasin yadda ake ɗaure su, kuma kaɗan-kaɗan a zagaye biyu ko uku, kada a kwance ɗaya gaba ɗaya sauran suna ɗaure. Notunan manifol na salansa kuwa, waɗanda wuta da tsatsa suka ci, a fesa musu man sassauta tsatsa tun daren jiya, domin karyewar ɗaya a cikin kan silinda aiki ne na daban mai cin yini.

Idan an cire notuna duka amma sashen ya ƙi motsi, abu na farko shi ne a sake dubawa, domin sau da yawa akwai noti ɗaya da ya ɓuya a bayan wani bututu ko a ƙarƙashin dattin mai. Idan an tabbata babu, a bubbuga gefen sashen da gudumar roba, a zagaya shi, ana bugun wurare masu kauri. Masu ƙera inji sukan bar 'yan kunnuwa a gefen famfon ruwa da murfin gaba da tukunyar mai, waɗanda aka yi su musamman don a sa ƙarfe a ɗaga, kuma a nan kaɗai ya halatta a sa sukudireba. Cusa ta tsakanin fuskokin biyu ana dukan ta da guduma shi ne kuskuren da ya fi kowanne yawa, kuma tabon da take bari yana nan daidai inda ake son gaskit ya toshe. Tukunyar mai da aka manna da silikon ana raba ta ne da siririn falle mai kaifi, a shigar da bakinsa cikin gam ɗin, a riƙa buga shi ta gefe yana tafiya yana yankawa har ya zagaye, ba a danna shi ciki ana lanƙwasa bakin tukunyar ba.

Akwai gargaɗi na musamman ga masu Peugeot, kuma Kaduna garinsu ne, tunda a Kakuri aka fara haɗa su a 1975 kuma har yau 504 da ƙannenta ba su ƙare a hanya ba. Injin 504, da wasu injunan Peugeot masu bulok na alminiyum, silif ɗinsu, wato bututun da fistan ke hawa da sauka a ciki, zaunawa kawai suka yi a cikin bulok, ruwa yana kewaye da su, kan silinda ne yake danne su. Idan aka ɗaga kan silinda kai tsaye alhali gaskit ya manne, yana iya tasowa da silif, abin toshewar da ke gindinsa ya motsa, daga nan ruwa ya riƙa sauka cikin baƙin mai ko da an sa sabon gaskit. A irin wannan inji girgiza kan silinda ake yi ta gefe har gaskit ya sake shi, sannan a ɗaga. Da zarar an sauke shi a danne silif ɗin da manyan wasa, wato faffaɗan zoben ƙarfe da ake sawa a ƙarƙashin noti, da gajerun notuna, kuma kada a juya karanshaf kafin a yi haka.

Toshe ramuka kafin kankara

Wannan mataki ne da ake yawan tsallakewa saboda gaggawa, alhali shi ne yake tsare ran injin. Duk sashen da ya fita daga mota, kamar kan silinda ko famfon ruwa, a kai shi kan tebur, a shimfiɗa kwali ko katako, kada a ɗora fuskarsa a kan siminti ko ƙasa. Wanda ya rage a jikin mota kuwa, wato bulok, a toshe duk hanyoyin mai da na ruwa da ƙananan tsummoki ko takarda mai kauri, a bar kan kowanne a waje yadda za a gan shi. A cusa tsumma mai ɗan mai a cikin kowace silinda, a shafa giris a kewayen fistan inda ya haɗu da bango, domin ɓurɓushi ya maƙale a giris maimakon ya gangara wurin ringi. A ƙirga tsummokin da aka sa, a rubuta adadin a jikin kwali, domin tsumma ɗaya da aka manta a hanyar mai ya isa ya kashe inji cikin mintuna. Idan lokacin hunturu ne, iskar Kaduna da kanta tana ɗauke da ƙurar da ke cin ƙarfe, saboda haka a rufe injin da leda ko kwali duk lokacin da aka tashi daga kansa, ko da salla za a je a dawo.

Jiƙawa

Da farko a ɓare duk abin da zai ɓaru da hannu ko da makankarin roba, a bi shi a hankali don ya fita manya-manya. Abin da ya rage shi ne mai taurin kai, kuma maganinsa jiƙo ne. A fesa masa feshin narkar da gaskit, a bar shi kamar minti 10 zuwa 15 ko gwargwadon abin da aka rubuta a jikin gwangwanin, har ya kumbura ya yi laushi. A zafin watan Maris da Afrilu feshin yakan bushe kafin ya yi aiki, don haka a yi aikin a inuwa, a rufe wurin da leda bayan an fesa. Gaskit na takarda mai kauri ba ya jiƙuwa a karo ɗaya: a kankare saman da ya yi laushi, a sake fesawa, a sake jira, sau uku ko huɗu idan ta kama. Mutumin da ya ga ƙasan bai yi laushi ba ya ƙara ƙarfin hannu, shi ne wanda garin gyaran gira yake rasa ido.

Wannan feshi ba abin wasa ba ne. Wasu nau'o'insa, musamman tsofaffin haɗi, suna ɗauke da sinadarin metilin kulorayid, wanda yake ƙona fata, kuma idan an shaƙe shi jiki yakan mayar da wani ɓangarensa iskar kabon monoksayid, irin gubar hayaƙin janareta. Saboda haɗarinsa ne hukumar kare muhalli ta Amurka ta hana sayar wa jama'a maganin cire fenti mai ɗauke da shi a 2019. A yi amfani da shi a fili inda iska ke kaɗawa, da tabarau da safar hannu, a kuma kare fentin mota da wayoyi da duk wani abin roba, domin yana cin su. Idan feshin bai samu ba, kalanzir ko man sassauta tsatsa suna taimakawa a kan gaskit na takarda, sai dai suna buƙatar sa'o'i, wani lokaci kwana. Ɗumi kaɗan daga na'urar hura iska mai zafi yana sassauta tsohon gam, amma ba a haɗa zafi da feshi ko kalanzir, kuma harshen wutar walda ba shi da wuri a nan ko kaɗan, domin yana bauɗar da alminiyum tun kafin ido ya ga alama. Sodar da ake yin sabulu da ita kuwa tana narkar da datti a baƙin ƙarfe, amma alminiyum cin sa take yi, kada a kusantar da ita gare shi.

Kankarar kanta

A riƙe makankari a kwance-kwance, bakinsa duka yana taɓa ƙarfe, a tura shi gajere-gajere da hannu biyu, ɗaya yana turawa ɗaya yana danne bakin don kada ya yi tsalle. Idan ya ci karo da wuri mai tauri a tsaya, a zo masa ta wani gefen, ko a sake jiƙa shi. A riƙa tura ɓurɓushi zuwa waje, nesa da silinda da ramukan mai, ana share shi da tsumma a kai a kai.

Alkiblar kankara tana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Siririn karce da ya bi tsawon fuskar, yana tafiya tare da layin gaskit, sau da yawa ba ya yin illa. Karcen da ya ratsa fuskar daga ciki zuwa waje, ko daga bakin silinda zuwa ramin ruwa, ya zama hanya, kuma wuta ko ruwa ko mai za su same ta. Wuri mafi haɗari shi ne ɗan siririn tsakanin da ke raba silinda biyu, da zoben da ke kewaye da kowace silinda, inda matsin wuta ya fi yawa. A waɗannan wurare a rage hannu, a bi da'irar silindar, kada a tsallaka ta.

A kan baƙin ƙarfe, makankarin ƙarfe da reza suna aiki lafiya, kuma buroshin waya na hannu yana iya cire tsatsar da ta rage. A kan alminiyum a tsaya ga roba ko katako ko jan ƙarfe muddin suna ci. Idan an kai ga siririn shafen da roba ba ta ɗauka, ƙwararru sukan sa sabuwar reza, su tsayar da ita kusan a miƙe, su ja ta baya a hankali maimakon su tura ta gaba, yadda za ta share saman ba tare da ta nutse ba. Da zarar bakinta ya sami ɗan tabo a jefar da ita a ɗauki wata, domin reza mai tabo zane take yi. Wannan dabara tana son hannu natsattse, kuma ba ita ce za a fara koya wa sabon yaro a kan kan silindar mutane ba. A ba shi wanda ya riga ya mutu ya gwada a kai har hannunsa ya faɗa. Idan aka ga ɗan farin ƙarfe mai ƙyalli yana nannaɗowa a bakin reza, to inji ake yankewa, a dakata nan take.

Gaskit na roba da ke cikin kwarmi ana zaƙulo shi da tsinken roba ko na katako, sannan a wanke kwarmin da buroshi da kalanzir. Silikon kuwa, bayan an yanke kaurinsa da makankarin roba, ragowar takan murje idan an goga ta da tsumma mai kaushi da feshin wanke birki. A bi kwarmin tukunyar mai da kewayen ramukan notuna da kyau, domin sabon silikon ba ya kama tsoho yadda ya kamata. Tunda tukunyar tana ƙasa, a leƙa rariyar da famfon mai yake zuƙa ta cikinta: sau da yawa za a tarar da ita cike da igiyoyin gam da suka tsinke daga aikin baya, kuma su ne suke sa fitilar mai ta riƙa kamawa.

Abin da nake roƙon a bari

Garanda da diril masu faifan gurza sun shigo garejoji, kuma suna gama cikin minti biyu abin da hannu zai yi a sa'a guda, shi ya sa ake son su. Illarsu biyu ce. Ta farko, suna cin ƙarfe ba daidai ba, suna zagaye bakin ramuka, suna barin kwari da tudu waɗanda ido ba ya gani, fuskar tana ƙyalli amma ta lalace. Ta biyu ta fi muni: faifan yana zubar da ƙwayoyin gurza masu tsananin tauri, ƙanana ƙwarai, waɗanda suke shiga hanyoyin mai su isa metal, wato fallen ƙarfen da karanshaf ke juyawa a kansa, su cinye shi. Kamfanin General Motors ya fitar wa makanikansa takardar gargaɗi a kan wannan, yana hana amfani da irin waɗannan faya-fayai a fuskar gaskit ɗin inji saboda lalacewar metal da aka gano suna jawowa. Mai mota zai karɓi motarsa tana aiki lafiya, bayan ɗan lokaci inji ya fara ƙwanƙwasa, kuma ba wanda zai tuna da garandar.

Samfefa ma ƙwayoyin gurza take zubarwa, kuma idan da yatsa ake danna ta, rami take yi. Idan dole sai an yi amfani da ita, to a kan sashen da aka cire daga mota kaɗai, mai laushi ƙwarai, a naɗe ta a jikin abu mai shafaffiyar fuska kamar gilashi mai kauri, a jiƙa ta da kalanzir, a bi fuskar duka da tsawo ba wuri ɗaya ba, sannan a wanke sashen sarai. A kan bulok mai silif irin na 504 ba a yin wannan sam, domin an bar bakin silif ɗin ya ɗan ɗara fuskar bulok da gangan don gaskit ya matsu a kansa.

Akwai kuma maganar lafiya. Tsofaffin gaskit na kan silinda da na salansa da yawa an yi su da asbestos, wani ma'adini mai zare-zare da ke jure wuta, kuma Tarayyar Turai ba ta kammala hana shi ba sai a 2005, don haka tsohuwar mota ko tsohon kaya na iya ɗauke da shi, kuma ido ba ya bambancewa. Ƙurarsa idan ta shiga huhu ba ta fita, tana jawo ciwon huhu da sankara bayan shekaru masu yawa. Kankara a jiƙe ba ta tayar da ƙura, garanda da iskar kwamfaresa kuwa suna watsa ta a fuskar yaran da ke tsaye. A tattara ɓurɓushin yana jiƙe a ƙulle a leda, kada a share shi da tsintsiya a bushe.

Ramukan notuna da wanki

Bayan fuska ta fita, a koma kan ramukan notunan da ke cikin bulok. Ruwa da mai sukan zuba cikinsu lokacin da aka ɗaga kan silinda, kuma idan aka ɗaura noti a kan ruwa, ruwan ba ya matsuwa: ko dai ma'aunin ɗauri ya nuna ya kai alhali gaskit bai matsu ba, ko bulok ya tsage. A tsotse su da sirinji ko a busa su da iska an rufe bakin da tsumma, a tabbata sun bushe. A sami tsohon noti a yanka masa tsaga biyu a tsawonsa, a riƙa shigar da shi ana fitarwa da hannu yana kwaso datti, har ya riƙa shiga ƙasa ba tare da tirjiya ba. A injin 2AZ-FE a duba haƙoran ramukan da kyau, musamman na baya, domin an san wannan inji da zarewar haƙoran notunan kan silinda, kuma idan aka ga zaren alminiyum ya biyo noti, sai an gyara ramin kafin a yi maganar sabon gaskit. 'Yan turakun da ke daidaita zaman kan silinda a kankare kewayensu, a tabbata suna nan a wurinsu.

Sannan a zare tsummoki ɗaya bayan ɗaya, a hankali, yadda abin da ya taru a kansu zai fito tare da su, a ƙirga a ga adadin ya cika. A share giris ɗin kewayen fistan, a shafa wa bangon silinda sabon mai kaɗan. Wanki na ƙarshe da feshin wanke birki ko tinar fenti ake yi, a fesa a jikin farin tsumma a goga, a canja wuri a sake gogawa har tsumman ya fito fari. Kalanzir da gas suna barin maiƙo, kuma silikon ba ya kama wuri mai maiƙo. Fetur kuwa, duk da shi aka fi sabawa da shi, tururinsa yana bin ƙasa har ya isa inda ake walda ko inda wani ya kunna sigari.

Yadda za a san an gama

Ba ƙyalli ake nema ba. Alminiyum da ya yi shekaru a ƙarƙashin gaskit yakan riƙe baƙin tabo mai siffar gaskit ɗin, kuma wannan launi ne kawai, ba ya hana toshewa. Farce ne alƙali: a ja shi a kan fuskar, idan ya wuce sumul an gama, idan ya maƙale a tudu akwai saura, idan ya faɗa rami akwai matsala. Masu bin tabo har sai ya ɓace ƙarfe suke cirewa.

Daga nan a auna miƙewar fuskar, musamman idan zafi ne ya ƙona gaskit ɗin tun farko. A ɗora miƙaƙƙen ƙarfen awo a kan fuskar, a tsaye da a kwance da kuma daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarorin biyu, ana gwada cusa fila geji, wato siririn fallen awo mai sanannen kauri, a ƙarƙashinsa. A injunan Toyota da Honda masu silinda huɗu da yawa iyakar da aka yarda da ita milimita 0.05 ce, wato kusan rabin kaurin takardar rubutu, a injunan Golf da yawa kuwa milimita 0.1, amma littafin kowane inji shi ne abin bi. Rular makaranta ko guntun ƙarfen da aka tsinta ba sa wannan awo. Idan gejin ya wuce, ko aka ga tsatsa ta ci ramuka a bakin hanyoyin ruwa har sun kusa zoben silinda, sai a kai kan silindar wurin masu na'urar share fuska, a kuma gaya musu irin gaskit ɗin da za a sa, domin na falle-fallen ƙarfe yana buƙatar fuska mai santsi fiye da tsohon iri. Kowane kan silinda yana da iyakar abin da za a iya ɗebewa daga jikinsa, don haka a tambayi mai mota ko an taɓa share shi a baya. Cika rami da gam a ƙarƙashin gaskit ɗin kan silinda ba ya riƙe wuta, kuma irin wannan gaskit a bushe ake ɗaura shi sai fa inda littafin injin ya nuna a ɗiga silikon.

Idan ba a ranar za a haɗa ba, a shafa wa fuskar baƙin ƙarfe mai kaɗan don kada ta yi tsatsa, musamman da damina, a rufe, a sake wanke ta kafin ɗauri. Injunan da notunansu ake ɗaurewa da ma'auni sannan a ƙara juyi na digiri, notunan suna miƙewa ne, kuma da yawa daga masu ƙera su sun ce a sa sababbi ko a auna tsofaffin kafin a mayar. Bayan an haɗa, a zuba sabon baƙin mai da sabuwar matatar mai, a ɗauraye lagireto da hanyoyin ruwa kafin a cika su da ruwan sanyaya inji, sannan a tayar da motar a bar ta ta yi zafi har fanka ta kama, ana bin kowane layin gaskit da tocila ana duba ɗigo.